Yadda Za Ka Gane Wayoyin Fankar Girafik Ta Laftof Ba Tare Da Ka Ƙona Bod Ba

Jama'a tambayar nan ta fankar girafik ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya turo hoton fanka mai waya huɗu yana cewa "Oga wacce ce ta wuta a nan?", wani kuma ya riga ya yanke ya haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, fanka ta ƙi motsi, sannan ne zai tuna da tambaya. Masu editin ɗin Zoo Road, ɗaliban BUK masu fama da AutoCAD, yaran da suka fara koyon gyara a kasuwar Farm Centre a nan Kano, duk tambayar ɗaya ce. To ga shi nan daki-daki. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne a laftof launin waya ba hujja ba ne, abin da mitar awon wuta, wato maltimita, ta nuna maka shi ne hujja.

1. Tabbatar fankar ce ma ta lalace

Laftof da yawa masu fanka biyu, musamman na gem, fankar GPU, wato cif ɗin girafik, ba ta juyawa idan ba a wani aiki mai nauyi, haka aka tsara su. Kana duba Facebook ko rubutu a Word, girafik ɗin Nvidia yana kwance abinsa, na cikin furosesa ne ke aiki. Saboda haka ka buɗe gem ko ka saka randarin na wasu mintoci, ka kara bayan hannunka a gefen da iska ke fita. In ta taso, rufe zancen, lafiyarta ƙalau.

In ba ta taso ba sai ka duba saƙon da injin ke bayarwa lokacin kunnawa. HP kan rubuta 90B, ThinkPad kan rubuta "Fan error" ya kashe kansa, Dell kuma ka danna F12 yana tashi ka shiga gwajinsa, in fanka ba ta amsawa zai ba ka lamba 2000-0511. Manhajar HWiNFO kyauta ce, tana nuna zafin GPU, a wasu injinan har da gudun fanka.

Sannan ba kowace laftof ke da fankar girafik daban ba. Wasu fanka ɗaya ce tal, bututun jan ƙarfe ya bi ta kan CPU, wato furosesa, da GPU ya kawo mata zafin. Aikin dai ɗaya ne, duk abin da ke ƙasa ya shafe ta.

2. Kayan aiki

Maltimita, ko ƙaramar nan mai arha ta isa in dai tana da wajen ƙara, wato in ka haɗa bakunan biyu ta yi "tiiit". In ka samu mai auna Hz, wato yawan bugu a sakan, ka ji daɗi, za ka ga amfaninta a gaba. Sai ƙananan sukundireba, hantsaki, allurar ɗinki guda biyu, salatef, tsohon burushin haƙori, tsohon kebul na USB da ba ka jin asarar yanke shi, da fawa bank. In aikin zai kai ga haɗa waya sai ka tanadi ayon na soda mai siririn baki da dalma da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. In za ka ɗaga hitsink kuma, wato ƙarfen da ke kwashe zafi daga kan CPU da GPU, dole man tamal sabo, man nan da ake shafawa tsakaninsu.

Maganar kuɗi, farashin kayan nan yana bin dala ne, amma a jere yake: allura da kebul kyauta, mita da man tamal kuɗi kaɗan ne, fanka ta fi su, gyaran cif a kan bod, wato babban allon cikin injin, ya ninka fanka, sabon bod mai girafik kuwa wani lokaci gara ka ƙara kuɗi ka sayi wani injin. Duk wahalar awon da za ka gani a nan don kar ka tashi daga matakin fanka ka faɗa matakin bod ne.

3. Buɗe injin ka cire batir

Kashe shi gaba ɗaya, ba silif ba, zare caja, kwance sukurorin bayan. Ka jera su a kan takarda yadda suke a jikin injin don tsayinsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda saman kibod ko ya taɓa bod. Murfi na buɗewa abu na farko shi ne soket ɗin batir, zare shi, sannan ka danne maɓallin kunnawa kamar sakan 15 ragowar wutar ta fita.

Hattara: lokacin hunturu a Kano iska a bushe take, wutar nan da ke tartsatsi in ka cire rigar sanyi ta isa ta kashe cif. Ka taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka taɓa bod, kuma kar ka yi aikin a kan bargo ko kafet. Tebur na katako ya fi.

Kafin ka zare komai ɗauki hoto da waya, kusa-kusa, yadda za a ga launin kowace waya da gefen da take a soket. Ɗauki biyu ko uku. Wannan hoton shi zai raba gardama anjima.

Wajen zare kan fankar, kar ka ja ta waya. Sa farce ko hantsaki a kunnuwan fulogin biyu ka rinƙa turawa kaɗan-kaɗan ta inda wayar ta fuskanta. Wayoyin siraran gaske ne, kuma soket ɗin kan bod dalma kawai ke riƙe da shi, ja ɗaya na ƙarfi sai ka gan shi a hannunka.

4. Karanta takardar jikin fankar

Juya fankar za ka ga sitika zagayayya. Sunan kamfanin da ya ƙera ta yana nan, yawanci Delta, Sunon, FCN, AVC ko Nidec, ba sunan mai laftof ɗin ba. Ƙarƙashinsa lambar model, sai abin da ya fi komai muhimmanci, misali DC 5V 0.5A. Mafi yawan fankokin laftof 5V ne. Amma wasu manyan injinan gem, irin wasu ASUS ROG, fankarsu 12V ce, to kar ka ɗauka, ka karanta. Rubuta lambobin a takarda.

Duba kan bod ma kusa da soket ɗin, akan rubuta FAN1, FAN2, ko GPU FAN ƙarara. Za ka ga ɗan alamar kusurwa uku ko ɗigo ko lamba 1 a gefe ɗaya, nan ne ƙafa ta farko, daga nan ake ƙirga. In fanka biyu ce ka lura ta hagu da ta dama ba sa musanya, gidansu a juye yake da juna kuma tsayin wayarsu daban.

5. Ƙirga wayoyin ka san aikin kowacce

Mai waya 2, wuta da gurawun (wato negatif) ne kawai, ba kasafai za ka gan ta a girafik ba sai a tsofaffin injina.

Mai waya 3, an ƙara wayar rahoto, wadda masu gyara ke cewa tak ko FG. Ita ce ke gaya wa bod gudun da fanka ke yi, duk zagaye ɗaya tana aika bugu biyu. Irin wannan fankar ana rage mata gudu ne ta hanyar rage mata wuta, shi ya sa in ka auna ka ga 3V da wani abu maimakon 5V kar ka ce bod ya lalace.

Mai waya 4, ita ce ta fi yawa yanzu. Wutarta 5V a tsaye take ba ta sauka, waya ta huɗu wato PWM ita ce ke ba da umarnin gudu, bod yana kunna ta yana kashewa da sauri sosai, wajen sau 25,000 a sakan, gwargwadon tsawon lokacin da take a kunne gwargwadon gudun fanka.

Wani abu da mutane ba su sani ba, ba cif ɗin Nvidia ko AMD ne ke juya fankar kai tsaye ba. Akwai wani cif mai ƙafafu da yawa a kan bod da ake kira EC, za ka ga an rubuta ITE, ENE ko Nuvoton a kansa, shi ke karɓar labarin zafi ya ba fanka umarni, kuma shi ɗin dai ke kula da kibod da caji da maɓallin kunnawa. Wayar PWM da ta rahoto wajensa suke zuwa kuma 3.3V yake aiki da shi. Ka ga ke nan in ka yi kuskure ka tura masa wutar da ta fi ƙarfinsa ba fanka kaɗai za ka rasa ba, injin ne gaba ɗaya zai ƙi tashi.

Yanzu launi. Abin da aka fi gani shi ne ja wuta, baƙi gurawun, rawaya ko fari rahoto, shuɗi PWM. An fi gani na ce, ba doka ba ce. Launin wayar fankar laftof kamar ankon biki ne, kowane gida da wanda ya fitar. Na ga mai wayoyi huɗu duk baƙaƙe, na ga wadda rawaya ce ke ɗauke da wuta. Kuma ko launi ya zo ɗaya jerin ƙafafun a fulogi yana iya bambanta, fanka biyu masu girma ɗaya, fulogi ɗaya, duk 5V, amma ɗaya wuta a ƙafa ta 1 ɗaya kuma a ƙafa ta 4. Masu kwatanta ta da fankar desktof ma su daina, can akwai tsari sananne, gurawun, 12V, rahoto, PWM a jere, a laftof babu wannan alƙawarin.

6. Nemo kowace ƙafa da mita

Nan ne asalin aikin, ka natsu.

Bakin mita ya yi wa ƙafafun nan kauri, tazarar da ke tsakaninsu milimita 1 ce ko 1.25, wasu ma ba su kai ba. Ɗaure allura a jikin jan bakin da siririyar waya, ka naɗe da salatef ka bar tsinin kawai a waje.

Fara da gurawun, batir a cire, caja a cire, fanka a zare. Sa mita a wajen ƙara. Baƙin baki ka ɗora shi a zoben jan ƙarfen da ke kewaye da ramin sukuru, ko a jikin ƙarfen ramin USB. Da allurar ka taɓa ƙafafun soket ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙara ba tsayawa ita ce gurawun. In wata ta yi "tit" sau ɗaya ta yi shiru, kafasita ce ke cika, galibi ma wannan ita ce ƙafar wuta, ka sa mata ido. Ƙarafan nan biyu manya na gefen soket da ke riƙe shi su ma za su yi ƙara, ba sa cikin lissafi.

Sai wuta. Tun da ido za ka iya zarginta, layin da ya zo mata a kan bod ya fi sauran kauri kuma akwai 'yar kafasita dab da ita. Don tabbatarwa mayar da batir ko ka sa caja, kunna injin, juya mita zuwa DC 20V, baƙin baki a gurawun, allura a ƙafar. Ka ga 5V ko kusa, ko 12V in haka sitikar ta ce, ita ce.

Hattara a nan sosai: injin a kunne yake kuma allura tana iya zamewa ta haɗa ƙafa biyu. Kafa gwiwar hannunka a tebur, taɓa ƙafa ɗaya, ɗaga, sannan ka koma ta gaba, kar ka ja allurar a kansu. Duba kuma jan bakin mita ba ya cikin ramin 10A, in yana can ka taɓa wuta da gurawun ka haɗa shot kenan. Kuma kar ka bar injin a kunne ba fanka fiye da minti ɗaya ko biyu.

Saura biyu, rahoto da PWM, kuma su ne masu rikitarwa don in fanka a zare take dukansu suna iya nuna 3.3V. Mayar da fankar ka auna ta bayan fulogi inda ƙarfen ya ɗan leƙo. In fanka mai waya 4 tana tsaye amma wuta na zuwa mata, sa yatsa ka juya fiffiken a hankali, ƙafar da lambarta ke tsalle daga 0 zuwa 3.3 ta dawo 0 tana bin yatsanka, ita ce ta rahoto. In fanka na gudu, ta rahoto za ta tsaya wajen rabi, 1.6V haka, ko gudu ya ƙaru ko ya ragu, ita kuwa PWM lambarta na canjawa yayin da injin ke ɗaukar zafi. Mai mitar Hz ya fi kowa hutawa, PWM za ta nuna dubbai kuma ba ta motsi, ta rahoto za ta nuna ɗari da wani abu tana hawa tana sauka. Ninka lambar ta rahoto sau 30 ka samu gudun fanka a minti, 100Hz ke nan zagaye 3,000.

Wani lokaci in ka ɗaga sitikar bayan fanka a hankali za ka tarar an rubuta +, -, FG da PWM a gefen inda aka like wayoyin. In ka dace da irin wannan an rage maka rabin aiki.

Zana soket ɗin a takarda ka rubuta 1, 2, 3, 4 da aikin kowacce.

7. Gwada fankar ita kaɗai a waje

Yanke tsohon kebul ɗin USB, fere ja da baƙi, auna da mita ka tabbatar wacce ce 5V don kebul na bogi ma yana juya launi. Soka allura ɗaya a ramin wuta na fulogin fanka, ɗaya a na gurawun, kar su taɓa juna, haɗa da kebul, sannan ka sa a fawa bank, wannan gwajin na fanka mai 5V ne. Waya biyu kawai, sauran ka bar su a sake. Yawancin masu waya 4 in PWM ba ta haɗe da komai suna tashi da cikakken gudu. In ta yi shiru, kafin ka yanke mata hukunci haɗa PWM ɗin da 5V ta cikin resista 10k ka gani, wasu sai an yi musu haka.

Hattara: kar ka gwada da cajar laftof, 19V ko 20V take bayarwa. Kar ka gwada mai 5V da batirin babur, ko batir 9V na cikin mita. Kar ka juya wuta da gurawun "don a gani", akwai ƙaramin cif a cikin fankar, sakan ɗaya ya ishe shi, za ka ji wari shi ke nan. Kuma ba a ramin USB na laftof ɗin da kake gyarawa ake wannan gwajin ba.

8. Yanke hukunci

Ta ƙi juyawa a waje alhali fiffiken na juyawa sumul da yatsa, duba ko waya ta karye daidai inda ta shiga jikin fanka ko daidai bakin fulogi, nan suka fi karyewa, in ba haka ba cif ɗinta ya mutu. Fiffiken ya cije ko yana gurnani, ƙura ce ko biyarin, wato abin da fiffiken ke juyawa a kansa. Tana juyawa a waje amma babu 5V a soket ko da injin ya ɗauki zafi, matsalar bod ce, kai wa mai aikin bod, sayen sabuwar fanka asara ne. Tana juyawa a cikin injin amma saƙon kuskure bai daina fitowa ba, wayar rahoto ce ta katse. Tana ta ihu da cikakken gudu tun daga kunnawa ko injin da sanyi, fara zargin wayar PWM.

9. Sayen wata da daidaita wayoyinta

Ɗauki tsohuwar a aljihu ka tafi da ita Farm Centre ko Beirut Road, kar ka tafi da sunan laftof kawai a baki don model ɗaya yana zuwa da fanka iri biyu, mai girafik da marar girafik. Wadda aka ciro daga mataccen inji ta fi arha kuma sau da yawa ta fi sabuwar da ba ta da suna inganci, amma ka ce a gwada maka ita a gabanka ka kara a kunne. Tambayi shago biyu uku kafin ka biya. Bolt, wato lambar V ta jikin sitika, dole ya zo ɗaya, amfiya kuma, wato lambar A, ta yi kusa da ta tsohuwar, kar ka ɗora mai cin wuta sosai a layin da aka yi don 0.5A.

In jerin wayoyin sabuwar bai dace da zanenka ba kar ka yanke. Dubi bayan fulogin, kowane ƙarfe akwai ɗan harshen roba da ya danne shi, ɗaga harshen da tsinin allura kaɗan kawai, ja wayar a hankali za ta zaro, ka mayar da ita ramin da ya dace har ka ji ta kama. In fulogin ne gaba ɗaya ba iri ɗaya ba sai ka yanko na tsohuwar da sauran waya mai ɗan tsayi, ka haɗa da dalma ɗaya bayan ɗaya, ka saɓa wuraren haɗin kar su jeru wuri guda, kowanne da robarsa. Murɗawa da hannu a naɗe da salatef ba ya ɗorewa a nan, zafin hitsink na narka gam ɗin ya warware.

Akwai dabarar da wasu ke yi ta jona fanka kai tsaye a 5V na ramin USB. Tana fitar da mutum kunya in yana da aikin da zai miƙa gobe, amma ni ban ɗauke ta gyara ba, fanka za ta yi ta gudu ba hutu, batir na zuba, biyarin na cinyewa, in ba a bar wayar rahoto a wurinta ba saƙon kuskuren ma yana nan. Wanda ya yi wa kwastoma haka ya gaya masa gaskiya, kar ya karɓi kuɗin cikakken gyara.

10. Share ƙura, mayar, gwada

Tunda fanka na waje leƙa tsakaninta da ƙananan haƙoran hitsink. A injin da ya yi hunturu biyu a Kano ba a buɗe ba za ka tarar da wani abu launin toka ya toshe wurin, ƙura da zaren tufafi sun dunƙule, in ka kama gefe da hantsaki duk ya taso a haɗe, sai ka ga haske ya ratsa haƙoran. Sau da yawa wannan ne ma ciwon, ba waya ba. Share da burushi. In za ka sa buluwa danne fiffiken da yatsa, barin shi ya yi ta wulwulawa yana lalata biyarin kuma yana iya tura wuta baya in fankar na jone.

In ka ɗaga hitsink goge tsohon man tamal tas ka sa sabo kaɗan a kan GPU da CPU, ba man goge baki ba don Allah. 'Yan faifan roba masu laushi da ke kan cif-cif ɗin memori na girafik ka mayar da su inda suke. Sukurorin hitsink akwai lamba 1, 2, 3, 4 a gefensu, bi su a jere kana ɗaurawa kaɗan-kaɗan.

Wayar fanka ta bi ta ramin da aka yi mata, kar ta kwanta a kan bututun jan ƙarfe, kar ta shiga ƙarƙashin sukuru, kar ta leƙa inda fiffike zai rinƙa goga ta. Duba hoton da ka ɗauka ka kwatanta, tura fulogi har ƙarshe, batir shi ne na ƙarshen jonawa.

Ɗora murfin ba tare da ka ɗaure ba, kunna, buɗe HWiNFO gefe guda ka saki FurMark, manhajar gwajin girafik, ko gem mai nauyi na minti 10. Fanka ta rinƙa ƙara gudu yayin da zafi ke hawa, ta sauka in ka rufe. Girafik ɗin Nvidia na laftof yawanci yana fara rage ƙarfinsa da kansa wajen digiri 87, in kana ganin ya manne a can alhali fanka na gudu to koma kan man tamal da zaman hitsink. A watan Afrilu da zafin garin nan ke haura 40 lambobin za su fi na Disamba hawa, kar wannan ya ruɗe ka. In komai ya zauna daidai sai ka ɗaure sukurorin baya.